Askin Barkonon Mai Takaba

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin malamar gona, akwai ranar da har gobe ba za ta fita raina ba, ranar da na yi wa barkonon Azumi aski a Djougou. Ku sababbin shiga aiki kun sha jin ana cewa Madam Salamatu taurin kai gare ta, har an taɓa jefa ta ƙauyen Pélébina saboda bakinta. Jefawa kam an jefa ni. Amma tunda yau na ajiye aiki, gara ku ji daga bakin mai ita, don na gaji da jin labarina a bakin waɗanda ko ƙofar gidan ba su sani ba.

A lokacin ina aiki da wani shiri na lambunan bayan gida. Darekta yana zaune a Parakou, kowane yanki yana da shef ɗinsa, a ƙarƙashin shef kuma sai mu masu shiga gidaje. A takarda sunanmu animatrice, amma matan unguwa malama suke ce mana. Mata zalla aka ɗauka, don a unguwar Zongo baƙo namiji iyakarsa zaure. Kowaccenmu tana da gidajen da take zagayawa a kan moto, wato babur, tana nuna yadda ake rainon iri, da dashe, da haɗa taki, da jiƙa ganyen dogon yaro saboda ƙwari. Ran Litinin mu hallara a biro, wato ofishinmu, kowa ta faɗi abin da ta gani. Shef ɗinmu na Djougou, Mushe Bio, mutumin Bargu ne mai sanyin hali, kuma ya san gona kamar yunwar cikinsa. Ban taɓa raina saninsa ba, don shi ya fara ɗora hannuna a kan almakashin aski. Ni kuwa maigidana da 'ya'yana suna Guéma a Parakou, sai ƙarshen mako nake ganinsu. Na daɗe ina roƙon a mai da ni gida, shef kuma ya yi mini alkawarin in damina ta wuce zai sa baki.

Ga wanda bai san aikin ba, bari in faɗi mene ne askin. Barkono, wanda mutanenmu na can suke ce wa tonka, ba irin masara ba ne da ake girbewa a manta da ita. In yana samun ruwa da rani yakan yi shekara biyu ko uku yana ba da 'ya'ya. Sai dai in ya tsufa yakan yi tsawo ya rame, rassan su sarƙe, na ƙasa su kwanta a turɓaya. Da ruwan sama ya sauka sosai, laka ta fantsama a ganye, iska kuma ba ta ratsa ciki, sai baƙin tabo ya kama, fure ya zube, ruɓa ta bi reshe har gindi. Maganinsa a rage shi tun farkon damina, a bar gindi da manyan rassa uku ko huɗu iya gwiwa, a ƙone abin da aka cire. Ranar da aka yi kam ba kyan gani, wanda bai sani ba zai rantse an kashe shukar ne. Kuma lokacinsa ƙanƙane ne. In ruwa ya riga ya zauna sannan ka yanka, ciwon ba ya bushewa, kai da hannunka ka buɗe wa ruɓa ƙofa.

Cikin gidajena babu lambun da nake alfahari da shi kamar na Azumi. Mace ce marar yawan magana, mai 'ya'ya mata uku, babbar sunanta Hadiza. Irin barkononta daga wajen mahaifiyarta ta zo da shi gidan miji, ƙanana ne jajaye masu ƙamshi, in ka ciji ɗaya sai ka tuna da kakanninka. Da guga take jan ruwa daga rijiya tana ba su duk tsawon rani. Ta tsinka ta shanya, ta daka da ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari, ta yi yaji. Mijinta Malam Sani yana da kamiyo, babbar motar kaya, shi yake tuƙa abinsa tsakanin Djougou da Parakou, shi kuma yake kai mata yajin wurin masu tsire da masu shinkafa na Gare, wato tashar mota. Da yajin nan take yi wa 'ya'yanta sutura da kayan lekol, wato makaranta, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

A ƙarshen rani Malam Sani ya kwanta ciwo na ɗan lokaci, Allah ya karɓi abinsa. Azumi ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba fita ba ado. Yayan mamacin, Alhaji Mamudu, shi ne babban gida, katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na ƙanin. Tsohon gidan fatake ne, kakanninsu da jakuna suka riƙa ɗauko goro daga Gwanja, kuma in Alhaji ya yi tari a Zongo sai an ce masa sannu daga ƙarshen layi. Ranar sadakar uku ya tara dangi ya kafa doka, ya ce duk abin da Sani ya bari ba mai taɓawa sai an raba gado. Kamiyo aka ajiye shi a gindin mangwaro, ɗakin mamacin aka sa masa kwaɗo, awaki ba sayarwa ba yankawa. Rabon kuwa sai ƙaninsu da ke Kumasi ya zo, shi kuma ya aiko cewa yana nan tafe.

Ban ce Alhaji mugu ba ne, kada ku ɗauke ni haka. Tsoron haƙƙin marayu ne ya cika masa ciki, kuma ya taɓa ganin yadda gado ya raba gidan wani amininsa har ba a ga maciji. Abinci yana aika wa Azumi, ba ta taɓa kwana da yunwa ba. Inda muka raba hanya da shi wuri ɗaya ne, shi a ganinsa barkono ma abin ajiyewa ne a gindin mangwaro ya jira na Kumasi. Da mata suka tambaye shi lambun fa, ya ce abin da ya tsiro a ƙasar mamaci na mamaci ne. A ba shi ruwa, amma ko reshe ɗaya kada a karya.

Na je gaisuwa tun farko, ban yi zancen lambu ba, don ba lokacinsa ba ne. Sai bayan sadakar arba'in, an fara ruwa jifa-jifa, na koma da jakar aikina. Abin da na tarar ya tayar mini da hankali. Barkonon ya kai mini ƙirji, ya harɗe da juna har ba inda za ka sa ƙafa. Rassan ƙasa sun kwanta cikin laka, ganyen ya fara tabo, 'yan 'ya'yan da suka fito suna ruɓewa tun suna kore. Azumi tana biye da ni da tsohon zane da mayafi, ido ba kwalli, ta rame.

"Malama, kin gani ko?" in ji ta. "Kullum da safe nakan zo in tsaya in dube su. Na san abin da suke so, ai ke kika koya mini. Amma Yaya Alhaji ya ce kada a taɓa."

Na ce, "Na Kumasin yaushe zai zo?"

"An ce bayan Sallah."

"Wace Sallar?"

Ta yi irin murmushin nan da ya fi kuka ciwo. Can ta ce, "Ba yunwa nike tsoro ba, Malama. Ana kawo muna masara, Allah ya saka da alheri. Amma jiya takalmin Hadiza ya tsinke, sai da na aike ta ta je ta tsaya a ƙofar zauren Yaya. Ni da ban taɓa aiken ɗiyata roƙo ba. In tonkan nan ya mutu, haka za mu ƙare, yau takalmi gobe sabulu. Kuma irin na innata ne, ba ni da wani. Busasshen da na ajiye, mata sun dake shi duka a abincin sadaka."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Dokar aikinmu ta ce in aka sami saɓani da masu gida, malama ta janye hannunta, ta kai wa shef ran Litinin, shef ya nemi maigida a zauna. Na san dokar sarai, ni nake karanta wa sababbi ita. Amma na san hadarin da ke haɗuwa ta gabas kowace yamma ba zai jira Litinin ba. Na kuma san irin zaman da za a yi, a gaisa, a fasa goro, a ce a ƙara haƙuri na Kumasi ya kusa. Jiran gawon shanu ke nan. Ga shi ranar rana ta fito tas, ganye ya bushe, daidai irin ranar da ake nema.

Na fito da almakashin, na wanke shi da ruwan jabel mai kashe ƙwayar cuta don kada in ɗauki cutar wannan gindi in kai wa wancan. Na ce, "Azumi, koma ɗaki. Ba ki gani ba, ba ki ji ba."

Ta ƙi motsawa. Sai ta miƙo hannu ta ce, "Ba ni, Malama. Ni na shuka su."

Ta nufi babban gindin da ke kusa da rijiya, ta yi bisimilla, ta lalubi gaɓa, ta datse a karkace sama da idon kaɗan, yadda ruwa ba zai kwanta a kan ciwon ba. Hawaye yana zuba, amma yankan ya fita tsaf. Reshen yana faɗuwa ta miƙo mini almakashin, ta ce in ƙarasa. Ta zauna a bakin rijiya, ni na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Na cire na ƙasa, na cire masu gicciye a tsakiya, na cire duk mai tabo. Muka barbaɗa toka, muka zuba takin awaki a gindi. Da na ɗago na dubi lambun, sai kututturai tsirara a jere, ni kaina sai da gabana ya faɗi. Na tara rassan a kusurwa na cinna musu wuta, don reshe mai cuta ba a barinsa ya kwana a lambu.

To, a nan asirinmu ya tonu. Kowa ya san hayaƙin barkono ba ya ɓoyuwa. Iska ta kwashe shi ta tsallake katanga ta kai shi zauren Alhaji, inda dattawa suke hira bayan azahar. Muka fara jin tari, sai atishawa, sai wani yana salati yana neman ruwa. Ba a jima ba sai ga hular Alhaji ta bayyana a saman katanga, ya taka benci ya leƙo, idanunsa jajur.

"Innalillahi! Wa ya yi wannan ɓarna?"

Na ga Azumi za ta buɗe baki, na riga ta. Na ce, "Ni ce, Baba Alhaji. Barka da rana."

Bai amsa gaisuwar ba, hular ta sauka. Washegari tun ban gama ajiye moto a biro ba aka ce shef yana nemana.

"Madam Salamatu, zauna," in ji Mushe Bio. "Bon. Me kika yi mini?"

"Aiki na yi, Shef."

"Na san aiki ne. Lokacin ya yi, ko ni ne ranar zan so in yanka. Amma kin san wane ne Alhaji. In ya ce a rufe mana ƙofa, gida nawa za mu shiga a Zongo? Don lambu ɗaya za ki kashe mini sauran?"

Maganarsa tana da nauyi, ban musa ba, har yau ban musa ba. Ya ce gobe zai kai ni da kansa in ba Alhaji haƙuri. "Ki ce kuskure ne, ki ce ba za ki sake ba, c'est tout. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

Na ce, "Durƙusawa zan durƙusa, Shef, ai sa'an ubana ne. Amma ba zan ce kuskure ba ne."

"Pourquoi? Kalma ce kawai."

"In na faɗe ta a gaban dattawa, gobe ba matar da za ta bari a taɓa mata barkono a Zongo. Za a ce ai malamar da bakinta ta ce ɓarna ce. Azumi kuma aikin bai ƙare ba, in tsiro ya fito sai an cire masa furen farko. Da wane ido za ta cire, bayan wadda ta koya mata ta ce kuskure ne?"

Ya cire gilashinsa ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce a hankali, "Ki tuna da maganar Parakou."

Na ce na tuna. Kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro. Autana a lokacin bai daɗe da yaye ba, duk ranar da zan koma Djougou sai an ɓanɓare shi daga zanena. Amma abin da na gani a bakin rijiyar nan ya riga ya zauna mini a rai, ya ƙi fita.

Da hantsi muka isa zauren Alhaji. Dattawa sun cika, wasu ma na tabbata kallo ne ya kawo su. Na cire takalmi, na durƙusa har ƙasa, na gaida kowa, na sake yin ta'aziyya. Alhaji ya dube ni sama da ƙasa.

"Ke ba ɗiyar Malam Isa na Guéma ba ce? Mun yi fatauci da ubanki, mutum ne mai kunya. Wa ya ba ki izinin sa ƙarfe a dukiyar marayu?"

"Ba wanda ya ba ni, Baba."

"Matar gidan ce ta sa ki?"

Tambayar da nake gudu ke nan. Da na ce e, da an gama da Azumi. Za a ce mai takaba, miji bai daɗe a ƙasa ba, har ta fara taɓa gado. Irin wannan tabo ba ya wankuwa a Zongo, har 'ya'yanta za a riƙa nunawa da baki ranar da aka zo neman aurensu. Na ce, "Almakashin nawa ne, Baba. Ni na zo da shi, ni na ce lokaci ya yi, ni na cinna wutar. In da laifi, ga ni." Ko kalma ɗaya ta ƙarya babu a ciki. Abin da na bari a cikina kuwa, shekara da shekaru ban faɗa wa kowa ba, sai da ita Azumin ta fara ba da labarin da bakinta.

Shef ya yi gyaran murya ya ce, "Alhaji, Madam ta zo ne ta ba da haƙuri."

Na ce, "Haka ne. Ina ba Baba haƙuri a kan hayaƙin da ya shiga zaurensa ya dami iyayena. Ina ba shi haƙuri da ban zo na faɗa masa ba kafin in fara, wannan rashin ladabi ne, na yarda. Amma askin, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ko yau aka mai da rassan nan zan sake yanke su. Baba, akuyar Malam Sani in ta kamu da ciwo, za a zuba mata ido ta mutu don na Kumasi bai zo ba? Ni ba malamar addini ba ce, amma a sanina dukiyar maraya kiyaye ta ake yi, ba kallonta ba."

Shef ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Wani tsoho a kusurwa ya kai hannun riga bakinsa, ban sani ba ko dariya ce ko ragowar tarin shekaranjiya.

Alhaji ya ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Na leƙa na gani da idona, kin mai da lambun marayu itacen girki, kuma kin zo zaurena kina koya mini haƙƙin maraya." Ya juya wajen shef. "Mushe, ban hana sauran 'yan aikinka shiga Zongo ba, ba ruwansu. Amma wannan, kada in ƙara ganin motonta a layin nan."

Magana ta kai Parakou. Ba a daɗe ba takarda ta fito daga darekta, wai ana bukatar gogaggiyar malama a Pélébina. Ku da kuka fara sanin aikin gwamnati da na purje, wato irin shirin nan namu, kun san in aka fara yabonka a takarda to ka ɗaure kayanka. Maganar komawata gida kuma aka sa ta a aljihu. Da shef yake miƙa mini takardar bai iya haɗa ido da ni ba, ya ce, "Madam, tsuntsun da ya ja ruwa." Na ƙarasa masa, na ce shi ruwa kan doka, na sani, kuma ban ce wani ya shiga ruwan a madadina ba. Ko sallama ban samu na yi wa Azumi ba. Saƙo kawai na ba abokiyar aikina da ta gaji gidajena, na ce ta gaya mata ta cire furen farko, kada ta ji tausayinsa.

Pélébina ba ta zo mini da sauƙi ba. Manoma suna yaren Yom, matan ruga suna Fulatanci, ni kuwa iyakata gaisuwa, in na buɗe baki sai mata su kwashe da dariya. Zuwa gida ya koma sai wata-wata. Maigidana ya yi fushi na gaske, ya ce, "Yanzu barkonon wata ya fi miki 'ya'yanki?" Abin da ya fi cin raina kuma, ban san halin da lambun yake ciki ba. Bayan askin da kaɗan aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma duk mai aikin nan ya san ba kowane gindi ke tashi ba. Abokiyar aikin tawa an hana ta shiga bayan gidan, iyakarta tsakar gida. Sau da yawa nakan zauna in ce, in fa sun mutu, na jawo wa baiwar Allah abin faɗa, na raba kaina da 'ya'yana a banza. Amma ko a lokacin, da za a ce in koma zauren in ce kuskure ne, ba zan je ba.

Wata rana damina ta fara ja baya, ina tsugune da wasu mata muna rainon irin tumatir, sai ga zem, wato babur ɗan haya, ya tsaya a bakin hanya. Wata mata ta sauko da sabuwar atamfa, hannu da ƙafa sun sha lalle, ido ya sha kwalli, tana rungume da kwano ɗaure cikin ɗankwali. Sai da ta ce "Malama" na gane ta. Kun san al'adar, ranar da mace ta fita takaba takan yi wanka ta sa sabon kaya, ta bi gidajen dangi tana godiya.

"Yau na fita," in ji Azumi. "Na ce kafin in taka gidan kowa sai na taka naki."

Ta kwance ɗankwalin. Barkono ne ja wur, cike da kwano, ƙamshinsa ya bugi hancina tun kafin in taɓa. Na zauna daɓas a kan kunya.

"Gindi biyu sun mutu, na jikin katanga," ta ce. "Sauran kuwa sai kin gani, Malama. Sun yi gajeru sun buɗe, ba reshen da ya taɓa ƙasa. Furen farko ina cirewa ina ce wa kaina, wannan mata ba ta da tausayi."

Na ce, "Alhaji fa?"

"Tsinkar farko ban taɓa ba. Na cika kwano na aika mishi, na ce ga na magada, a ajiye wa na Kumasi rabonshi."

"Me ya ce?"

"Bai ce komi ba. Amma kwanon ya dawo a wanke, da goro a ciki."

"To an raba gadon?"

Ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "Ana jiran na Kumasi." Muka fashe da dariya har matan da nake koyarwa suka taya mu ba tare da sun san dalili ba. Ta ce kamiyo yana nan a gindin mangwaro, tayoyi sun sace, kaji sun mai da ƙarƙashinsa gida. Da dariyar ta lafa ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Tsinka ta biyu Hadiza ta kai kasuwa. Takalmin da ke ƙafarta yau, Malama, ba a ƙofar zauren kowa aka karɓo shi ba."

A nan ne na yi kukan da ban yi a gaban shef ba, ban yi a gaban Alhaji ba, ban yi a gaban maigidana ba.

Sai da na ƙara damina biyu a Pélébina kafin a mai da ni Parakou. Autana ya fara lekol ba ni na kai shi ba, wannan kuma ba wanda zai biya ni shi. Alhaji har ya koma ga Allah bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban ce na yi ba, amma in na je Djougou nakan shiga zaurensa in gaishe shi, yakan kuma amsa. Mushe Bio da muka haɗu bayan ya yi ritaya ya ce da za a sake, haka zai sake yi, don ƙofofin Zongo ba su rufu ba. Na ce ni ma haka, muka yi dariya muka rabu.

Abin da nake so ku riƙe, ku bi doka, ku girmama masu zaure, don ta ƙofarsu kuke shiga. Amma ku sani shuka ba ta san takaba ba, ba ta san rabon gado ba, ba ta san Litinin ba, lokacinta in ya wuce ya wuce. Wata rana za ku tsaya tsakanin mai iko da ƙofa da mai jan guga a rijiya, kowa da gaskiyarsa, almakashi kuma yana hannunku. In kun mayar da shi jaka, ban zarge ku ba. In kuwa kun yanka, kada ku laɓe a bayan matar da ba ta da bakin kare kanta, ku tsaya ku ce ni ce, ku ɗauki abin da ya biyo baya.

Barkonon da ke bayan gidana a Guéma yanzu, daga kwanon nan irinsa ya fito. Na Kumasi kuwa ya zo daga baya, an raba gado lafiya, a shekarar da aka yi auren Hadiza.